Fasisanci: Tambayoyin da Ake Yi Mini a Teburin Mai Shayi a Agege

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Agege. Bayan la'asar nakan zauna a majalisarmu, gefen teburin mai shayi, tare da 'yan gwari na Mile 12, da 'yan canji, da direbobin tirela masu jiran lodi a Apapa, da yaranmu 'yan jami'a idan sun zo hutu. Tun da kalmar "fasist" ta fara yawo a wayoyin mutane, wannan ya jefi gwamna da ita, wancan ya jefi shugaban Amurka, wani ma ya jefi shugaban ƙungiyar kasuwarsu, sai aka mayar da ni wurin raba gardama. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da nake amsawa kafin shayi ya huce.

Malam, ita kalmar ma daga ina ta fito?

Daga Italiya. A yarensu "fascio" dami ne. Asalinta tsohuwar daular Rum, inda dogaran da ke tafiya gaban manyan hakimai suke saɓa damin sanduna a kafaɗa, an ɗaure shi tamau, da gatari a jikinsa. Sanda ɗaya tana karyuwa, dami ba ya karyuwa. Mu ma mun san wannan, ai mu muke cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya. (Kafin wani ya yi mini fassara: ban ce komai ba a kan jam'iyyar da ke ɗaga tsintsiya.) Abin lura shi ne gatarin. Sandunan na bulala ne, gatarin na fille kai, wato ikon hukuma na duka da kisa. Wannan alama Benito Musolini ya ɗauko da ya kafa ƙungiyarsa a birnin Milan ranar 23 ga Maris, 1919.

To a taƙaice, me suka yi imani da shi?

Ba su da littafi guda da za a ce ga shi, kamar yadda 'yan gurguzu suke da rubuce-rubucen Karl Marx. Musolini kansa yana alfaharin cewa shi mai aiki ne, ba mai dogon nazari ba. Amma duk inda abin ya ɓulla, miyar tana da kayan haɗi iri ɗaya.

Ana farawa da labarin wulaƙanci: mu manya ne a da, an ƙasƙantar da mu, dole mu sake tashi. Sai a nemo wanda za a ɗora wa laifin, kuma galibi ba na waje kaɗai ba, maƙwabci ne na cikin gida: ɗan gurguzu, Bayahude, baƙo, ɗan jarida, duk wanda za a ce shi ne ƙwaron da ke cin goron. Daga nan a ce majalisa da jam'iyyu da gardamar siyasa ɓata lokaci ne, ƙasa jiki ɗaya ce, kai ɗaya take bukata. Shi ne Shugaba, "Duce" a Italiya, "Führer" a Jamus. A bangon makarantun Italiya an rubuta cewa Musolini kullum shi ke da gaskiya. Takensa na 1925 ya tattara komai: kome a cikin gwamnati, babu kome a wajenta, babu kome da zai ja da ita.

Abin da ya fi raba su da sauran azzalumai shi ne yadda suka ɗauki duka da yaƙi. A wurinsu ba larura ba ce da ake yi ana jin kunya, ado ne, kuma maganin lalacewar al'umma. Sannan ba sa son talaka ya yi shiru a gida. So suke ya fito, ya sa yunifom, ya yi maci, ya ɗaga hannu, ya kai ɗansa ƙungiyar yara ta jam'iyya.

Yaya mutum irin wannan ya hau mulki? Juyin mulki ya yi?

Nan ne darasin yake, don haka ku ba ni lokaci.

Musolini ɗan gurguzu ne da farko, har shi ne editan jaridar jam'iyyarsu. A 1914 suka kore shi saboda ya goyi bayan Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Italiya ta shiga, ta rasa sojoji kimanin dubu 600, kuma ko da yake tana ɓangaren da ya yi nasara, ba ta samu duk yankunan da aka yi mata alkawari ba. Sojoji suka dawo gida babu aiki, kaya sun yi tsada, ma'aikata suna ta yajin aiki. A 1919 da 1920 'yan ƙwadago suka mamaye masana'antu, 'yan ƙodagon gona suka tsaya wa masu filaye. Masu kuɗi suka duba yadda 'yan gurguzu suka ƙwace mulki a Rasha a 1917, cikinsu ya ɗuri ruwa.

A zaɓen 1919 Musolini bai samu ko kujera ɗaya ba. Abin da ya ɗaga shi 'yan banga ne, masu baƙaƙen riguna. Masu gonaki da masu masana'antu suka ba su kuɗi da motoci, suna shiga ƙauyuka da dare, suna ƙona ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago, suna lakaɗa wa shugabanni duka, suna ɗura musu man zurma don su yi zawo a gaban jama'a. 'Yan sanda suna kallo, wani lokaci ma su suke ba da aron bindiga. Duk wanda ya ga yadda ɗan siyasa ke kiwon 'yan daba a ƙasar nan ya san hoton. Bambancin kawai, a Italiya shugaban 'yan dabar ne ya zama mai gida.

A 1921 suka samu kujeru 35 cikin 535. A Oktoban 1922 suka ce za su yi tattaki su karɓe birnin Rum. Soja zai iya tarwatsa su, kuma firaminista ya nemi a kafa dokar ta-ɓaci, amma Sarki Victor Emmanuel na Uku ya ƙi sa hannu. Maimakon haka ya aika wa Musolini ya zo ya kafa gwamnati. Shi kuwa gogan yana Milan, a jirgin ƙasa mai gadon kwana ya iso. Manyan ƙasar sun ɗauka za su yi amfani da shi su murƙushe 'yan gurguzu, sannan su ajiye shi. Sun manta ba a ba kura ajiyar nama.

Sauran a hankali ya yi shi, kuma da doka. A 1923 aka sauya dokar zaɓe: jam'iyyar da ta zo ta ɗaya, muddin ta kai kashi 25 cikin ɗari, ta kwashe kashi biyu cikin uku na kujeru. A 1924 wani ɗan majalisa, Giacomo Matteotti, ya tashi ya tona maguɗin zaɓe, bayan 'yan kwanaki aka sace shi aka kashe. Ƙasa ta girgiza, amma sarki bai sauke Musolini ba. Zuwa ƙarshen 1926 an haramta duk sauran jam'iyyu, an rufe bakin jaridu. A 1931 aka ce malaman jami'a su yi wa gwamnati rantsuwar biyayya. Cikin kimanin 1,200, wajen 12 kaɗai suka ƙi. Ni malami ne, wannan adadin yakan hana ni barci.

Hitila fa? Shi da Musolini abu ɗaya ne?

Uwa ɗaya, uba daban. Hitila ya kwaikwayi Musolini, har ya gwada ƙwace mulki a Munich a 1923, ya sha ƙasa, aka ɗaure shi. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ta Nazi kashi 2.6 ta samu. Sai tattalin arzikin duniya ya rushe a 1929, marasa aikin yi a Jamus suka kai kimanin miliyan 6, a Yulin 1932 ta samu kashi 37. Bai taɓa samun rinjaye a zaɓe na gaskiya ba. Shi ma manya ne suka buɗe masa ƙofa: Shugaba Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu, 1933, a majalisar ministocin da 'yan Nazi uku ne kacal har da shi. Kafin wata biyu majalisa ta miƙa masa ikon yin doka shi kaɗai.

Inda suka bambanta: Musolini gwamnati ya mayar gunki, Hitila jini da launin fata. Shi ya kai ga dokokin wariya na Nuremberg na 1935, ya kai ga kashe Yahudawa miliyan 6, da 'yan ƙabilar Roma (waɗanda ake kira Gypsy), da naƙasassu. Yaran da aka haifa wa sojojin Afirka na rundunar Faransa a yankin Rhine na Jamus kuwa, a 1937 aka yi wa ɗaruruwansu tiyatar hana haihuwa da ƙarfi. Italiya ta bi sahu da nata dokokin wariya a 1938. Idan na ji wani yaronmu yana yabon Hitila a Facebook don haushin abin da ake yi wa Falasɗinawa, nakan ce masa ya je ya binciki matsayin da mutumin ya ajiye baƙar fata da Balarabe a tsaninsa.

Ba wani nau'in gurguzu ba ne? Ai akwai kalmar a cikakken sunan jam'iyyar Nazi, "National Socialist".

Suna linzami ne, amma wannan karon bai ja dokin ba. 'Yan gurguzu da 'yan kwaminis su aka fara kai wa sansanin tsare mutane na Dachau a 1933, kuma ranar 2 ga Mayu na shekarar aka rushe ƙungiyoyin ƙwadagon Jamus. Gurguzu yana raba duniya tsakanin ma'aikaci da mai jari, fasisanci yana raba ta tsakanin "mu" da "su". Masu kamfani sun ci gaba da cin ribarsu, da sharaɗin su bi umarni, ma'aikaci kuwa an hana shi yajin aiki. Zaluncin Stalin, shugaban gurguzu na Tarayyar Sobiyet, zalunci ne, har ya yi kama da nasu a wajen jam'iyya ɗaya da 'yan sandan ciki, amma tushen daban ne.

Duk wannan rigimar Turawa ce. Mu ina ruwanmu?

Alhajin da ya yi mini wannan tambayar a Obalende yake kwana, ƙafa kaɗan daga Barikin Dodan. Na ce masa, Alhaji, sunan barikin nan daga fagen daga na Boma aka ɗauko shi, haka Myohaung na Yaba da Arakan na Apapa. Can kakanninmu suka yaƙi Japan, abokiyar ƙawancen Jamus da Italiya.

Kafin Turai ta ɗanɗana fasisanci a fagen yaƙi, Afirka ta sha shi. A gabashin Libiya, Janar Graziani ya kwashe mutane kimanin dubu 100 ya zuba su a sansanoni cikin hamada, inda dubbai suka mutu da yunwa da cuta, ya ja wayar ƙaya a iyakar Masar don kada abinci ya kai ga mayaƙa. Ranar 16 ga Satumba, 1931, aka rataye Umar Mukhtar, dattijo malamin allo, a gaban dubban fursunonin da aka tilasta wa kallo.

Sai Habasha. Italiya ba ta manta kashin da ta sha a Adwa a 1896 ba, wato labarin wulaƙancin nan da na faɗa. Ranar 3 ga Oktoba, 1935 ta kai hari, ta yi ruwan iskar guba daga jiragen sama, ta shiga Addis Ababa a Mayun 1936. Sarki Haile Selassie ya je Geneva ya kai kuka gaban Majalisar Ƙasashen Duniya ta lokacin, aka saurare shi, aka watse. A Fabrairun 1937, bayan an jefa wa Graziani gurneti, aka kwana uku ana yanka mutanen Addis Ababa.

Ikko ba ta yi shiru ba. A 1935 an yi babban taron nuna fushi a zauren Glover da ke cikin Eko, aka kuma tara wa Habasha gudummawa. A 1941 kuwa sojojin Najeriya na rundunar Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce harshen barikinta, su suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu, suka kori Italiyawa har Harar kafin ƙarshen Maris. Ranar 5 ga Mayu, 1941 Haile Selassie ya koma gadonsa. Ko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939, cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar cewa Ingila za ta miƙa wa Hitila Najeriya.

Sai dai kada mu wanke Ingila da Faransa. Sun yaƙi fasisanci da jinin mutanen da su ma suke mulka ba da yardarsu ba, kuma sojojin da suka dawo sun dawo da wannan tambayar a bakinsu.

Na ji an ce Musolini masoyin Musulmi ne, har takobi aka ba shi.

An ba shi. A Maris 1937, a wajen birnin Tarabulus, ya hau doki ya ɗaga abin da aka kira Takobin Musulunci, aka yi masa laƙabin mai kare Musulunci. Shekara shida ke nan ba su cika ba da rataye Umar Mukhtar, bayan an rufe zawiyoyin Sanusiyya an ƙwace dukiyarsu. Takobin ma gwamnatinsa ce ta sa aka ƙera. A Habasha ya gina masallatai don ya raba Musulmi da Kiristoci. Da cocin Katolika ma haka ya yi: mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana zagin limaman coci, shi ya sa hannu a yarjejeniyar 1929 da ta kafa ƙasar Batikan. Addini a wurinsa riga ce, ya sa wadda kasuwar ranar take so.

Mulkin sojan da muka sha a Najeriya fa, fasisanci ne?

A ganina a'a, kuma faɗin haka ba sassauta musu ba ne. Kowane fasisanci kama-karya ne, amma ba kowace kama-karya ce fasisanci ba. Sojanmu idan ya yi juyin mulki, sanarwar farko ita ce an rushe jam'iyyu, an rufe iyakoki, kowa ya zauna a gida. Ɗan fasist da jam'iyya yake zuwa, da miliyoyin mabiya masu kati da yunifom. Soja daga bariki yake faɗowa kan jama'a, shi kuwa daga cikin jama'a yake tsirowa.

An dai ga ɓurɓushi. Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba shari'a, Doka ta 4 ta ɗaure 'yan jarida. A 1998 an tara matasa a Abuja suna roƙon Janar Abacha ya zarce, jam'iyyu biyar na lokacin duk suka tsayar da shi. Amma taron haya ne, da ya rasu a watan Yuni ko wata guda bai kai ba aka daina jin ɗuriyarsu. A Afirka wanda ya fi kusa shi ne Mobutu na Zayar, da jam'iyyarsa da aka ce kowane ɗan ƙasa da ita aka haife shi. Ko Franco na Sifen da Salazar na Fotugal, masana har yau suna gardama ko 'yan fasist ne ko kuwa 'yan kama-karya masu ra'ayin riƙau da suka ari rigar.

Amma Malam, an ce sun gyara ƙasarsu. Mu ma ba mai ƙarfin hannu muke bukata ba?

Wannan na fi ji, musamman ranar da mutum ya kwashe awa uku a cunkoson Oshodi. An gina hanyoyi, an busar da fadamun kusa da Rum aka yi garuruwa, ba ƙarya ba ne. Amma albashin ma'aikacin Italiya ya ragu, aikin da Hitila ya samar yawancinsa na ƙera makamai ne da bashi, bashin da ba a biyansa sai da ganimar yaƙi. Kuma wa zai ba ka labarin abin da bai yi kyau ba, alhali jaridar da za ta faɗa an rufe ta? Gwamnatin Musolini har harajin gwauranci ta sa wa mazan da ba su yi aure ba, a Disambar 1935 kuma ta karɓi zoben auren mata na zinariya don yaƙin Habasha. Mai shayinmu, wanda shekara bakwai ke nan yana cewa baɗi zai yi aure, ya ce shi daga nan ya fita daga maganar.

Idan aka ce mana "ku koma garinku", ko aka ba wata ƙabila wa'adin tashi, shi ne fasisanci?

Shi kaɗai bai kai ba, amma irin shukar ke nan. Mu mazauna Legas mun san ɗacin abin. Akwai waɗanda har yau suna tuna Idi-Araba a 2002 da Mile 12 a 2016, yadda faɗan mutum biyu yake zama na ƙabila kafin magariba. A zaɓen 2023 mun ga yadda aka tsorata 'yan ƙabilar Ibo a wasu rumfunan zaɓe na jihar nan. Kuma kada mu yi kamar hannunmu tsaf yake: a Yunin 2017 a Kaduna wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka ba Ibo wa'adin barin Arewa. A 1983 Najeriya ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan Gana, har jakar ta samu suna. Gana kuwa ta riga ta kori namu a 1969, da Hausawa a ciki. Kowa baƙo ne a wani wuri.

Abin da nake sa wa ido shi ne lokacin da abubuwa uku suka haɗu: bakin da ke kiran mutane ƙwari ko annoba, matasa masu tsari da makami da ke jiran umarni, da manyan da suka ga riba a ciki suka kawar da kai. Gidan rediyon da ya rura kisan Ruwanda a 1994 kyankyasai yake kiran Tutsi. A yau ba a bukatar gidan rediyo, saƙon murya na WhatsApp ya isa, kuma da Hausa ma ana yin sa.

Akwai 'yan fasist a yau?

Masu amsa sunan kaɗan ne. Tsarin mulkin Italiya na 1948 ya hana sake kafa jam'iyyar, Jamus ta haramta alamomin Nazi, a Girka kotu ta yanke a 2020 cewa jam'iyyar Golden Dawn ƙungiyar masu laifi ce. Jam'iyyar Giorgia Meloni, wadda ta zama firaministar Italiya a 2022, tana ɗauke da tambarin harshen wuta da ta gada daga jam'iyyar da mabiyan Musolini suka kafa a 1946, amma da zaɓe ta zo, kotuna da jaridu suna aiki. Shi ya sa ba na saurin liƙa wa kowa sunan. Wanda ya hana acaba a unguwarku ko ya rushe rumfarku, kira shi azzalumi idan ya cancanta, Hausa ba ta rasa kalma ba.

Yaya ƙarshen Musolini ya kasance?

Mutanensa ne suka fara juya masa baya. A Yulin 1943, da sojojin ƙawance suka sauka a tsibirin Sisili, babbar majalisar jam'iyyarsa ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da shi, sarkin nan da ya naɗa shi ya sa aka kama shi. Jamusawa suka kuɓutar da shi, suka ɗora shi a arewacin ƙasar a matsayin ɗan amshin shata. A Afrilun 1945 'yan gwagwarmaya suka tare ayarin motocin Jamus kusa da tafkin Como, suka same shi a bayan wata babbar mota, sanye da kwat da hular sojan Jamus. Ranar 28 ga wata aka harbe shi, washegari aka rataye gawarsa ƙafa a sama a wani gidan mai a Milan, garin da ya fara. Kwana biyu bayan harbe shi Hitila ya kashe kansa a Balin. Dogon dutsen Aksum da sojojin Musolini suka kwashe daga Habasha a 1937 kuwa, sai a 2005 aka mayar da shi, a jirgin sama, gunduwa uku.